A KAI MASA INDA YA KWANA

Ranar Juma'ar da ta wuce da hantsi, wani ma'aikacin wannan jarida ya ratsa ta wani lungu a cikin birnin Kano, ya ga wani abu a zauren wani gida, ya dawo ofis ya ba mu labari. Da muka ji, sai muka ajiye maganar da muka shirya yi muku a wannan mako, muka ce wannan ta fi ta.

Ga abin da ya gani. Daga cikin gida ana ta fito da shinkafa da wake a manyan fanteka, mata ne suka dafa tun asuba. A zaure samari sun kewaye tabarma, wannan yana zubawa a leda, wancan yana sa mai da yaji, wani yana ƙullewa, wani kuma yana jera ƙunshin a kwando, kowane ɗaya da ruwan ledarsa. Ya tambaya ko suna ake yi ko sadakar bakwai. Suka ce babu ko ɗaya, abincin na mutanen da ke kwana a waje ne, watau masu kwana a rumfunan kasuwa bayan an tashi, da na tasha, da na ƙarƙashin gadar sama, da na barandar shaguna. Ya ce to wa ya ba da kuɗin? Suka yi dariya, suka ce ai babu kuɗi a ciki. Shinkafa karo-karo aka yi, gwangwani-gwangwani daga gidajen unguwa. Wake wani ɗan kasuwar Dawanau ne ya auno. Albasa da attarugu daga Yankaba suka zo, ragowar abin da ya kwana bai saidu ba. Man gyaɗa wata tsohuwa mai ƙuli-ƙuli ce ta tsiyayo, ɗan garuwa ya zuba ruwa bai karɓi ko kwabo ba, mai Adaidaita Sahu kuwa ya yi alkawarin ɗaukar kwandunan kafin a tafi masallaci. Babu mai babbar riga ko ɗaya a wurin, kuma babu mai ɗaukar hoto.

Muna yi wa waɗannan bayin Allah sannu da aiki, Allah ya saka musu da alheri. Amma abin da ya fi ƙayatar da mu a cikin aikin nasu, har muke so kowane reshe na jam'iyyarmu ya koya, shi ne ba su yi shela sun ce a zo a karɓa ba. Su ne suke ɗaukar ƙunshin a hannu, su bi mutum har inda ya kwana, su yi masa sallama, su miƙa masa. Wani zai ga wannan ƙaramin abu ne. To, jama'a, a ƙasar nan bambancin a zo a karɓa da a kai masa ya zama bambancin rai da mutuwa.

Ku tuna da shekarar 2024. A watan Maris ɗalibai 2 suka mutu a jami'ar jihar Nasarawa da ke Keffi wajen turmutsutsun rabon shinkafa. Bayan kwana biyu, cikin azumi, mata da dama suka rasu a Bauci wajen rabon kuɗin zakka. Da watan Disamba ya kama kuwa sai abin ya zama kamar annoba. Ranar 18 ga wata yara 35 suka mutu a Ibadan a wurin wani taro da aka yi alkawarin rabon abinci da kuɗi. Ranar 21 ga wata mutum 22 suka mutu a Okija cikin jihar Anambra wajen rabon shinkafa, a wannan rana kuma mutum 10 suka mutu a harabar wani coci a Maitama, unguwar manya a Abuja. Rai 67 ke nan cikin kwana huɗu. Ba mu ce masu rabon sun yi nufin sharri ba, da yawansu alheri suka nufa. Amma duk wanda ya yi shela a garin da ake yunwa, ya tara dubban mutane a bakin ƙofa guda tun daren jiya, alhali abin rabon ba zai kai ga rabinsu ba, ya riga ya haƙa rami ko bai sani ba. Kuma ko an rabu lafiya, wa ya samu? Ƙato mai ƙarfin kafaɗa shi ke kaiwa gaba, ya karɓa, ya zaga ya sake karɓa. Tsohuwa da gurgu da mai goyo, waɗanda aka ce dominsu ake rabon, su ne ke komawa hannu wofi, in ma sun koma da ƙafafunsu. Ƙunshin da aka ɗauka aka kai kuwa yakan fara isa ne ga wanda ba shi da ƙarfin tashi.

Su wane ne waɗannan masu kwana a waje? Muna tambaya ne domin akwai masu cewa ragwaye ne da 'yan shaye-shaye, kuma abin takaici har a bakin wasu 'yan'uwanmu talakawa mukan ji wannan magana. Wanda ke shakka ya fita bayan sallar lisha ya zaga ta Sabon Gari ko Kantin Kwari ko tashar Unguwa Uku, ya tsuguna ya tambaya. Zai tarar da ɗan dakon da ya wuni yana ɗaukar dilar atamfa a ka, abin da ya samu ya aika gida ƙauye, bai bar na haya ba. Zai tarar da ɗan ci-rani wanda a da yakan koma gona da faɗuwar ruwan farko, yanzu kuwa ba shi da gonar komawa, domin 'yan bindiga sun hana noma a garinsu, ko sun sa wa garin harajin da ya fi ƙarfinsa. Zai tarar da matar da ta gudo daga Zamfara ko Katsina ko gabashin Sakkwato da 'ya'ya uku, an kashe mijin, an kore shanun. Zai tarar da mutanen Barno da Yobe, daga cikin fiye da miliyan 2 da rikicin Boko Haram ya raba da gidajensu tun daga 2009, wasunsu da can masu rumbu ne, baƙo ba ya kwana da yunwa a ƙofarsu. Zai tarar da magidancin da mai gida ya fitar wa da kaya domin kuɗin haya ya ninka, ya rarraba iyali ga dangi, shi kuma yana kwana a shagon abokinsa yana jin kunyar a sani. Akwai masu taɓin hankali, akwai tsofaffin da 'ya'yansu suka riga su, akwai yaran da aka kawo karatu malamin ya ƙaura ko ya rasu. Lalle akwai 'yan shaye-shaye a ciki, ba mu musa ba, kamar yadda akwai su a gidajen da ke da katanga da maigadi.

Iyayenmu sun san hanyar da ake tarar irin wannan. Zaure ɗakin baƙo ne, duk wanda dare ya yi masa a gari yakan sami inda zai shimfiɗa buzunsa, da magariba kuma a fito da akushi, maigida da baƙo da maƙwabci su sa hannu tare. Mata suna ciyayya, kwano ya fita daga wannan gida ya shiga wancan, ba a san wanda ya fi wani bukata ba. Kowane gida yana da almajirinsa wanda ake ajiye wa rabonsa. An sha yunwa a ƙasar nan, tsofaffi sun ba da labarin Kakalaba ta 1914, da yawa a cikinmu kuma sun ga farin 1973 da idonsu, amma a wancan zamani abin kunya ne ga unguwa a ce baƙo ya kwana a titi. Yau an mai da zaure shago, an sa wa gida ƙofar ƙarfe, tukunyar da ke cika kwano goma ba ta cika biyar. Ba rowa ce ta kama mutane ba, hannu ne ya gajarta. Abin da matan nan da samarin nan suke yi shi ne ɗauko akushin zaure su bi baƙon da shi, tun da yake baƙon ba shi da zauren zuwa.

Wa ya gajarta hannun? Ranar 29 ga Mayu 2023 aka tsaya a dandali a Abuja aka ce tallafin man fetur ya tafi, ba tare da an tanadi komai ga talaka ba. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haye 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A tsakiyar 2024 ma'aikatar ƙididdiga ta gwamnati da kanta ta ce tsadar abinci ta ƙaru da fiye da kashi 40 cikin 100 a shekara guda. An sa hannu a kan mafi ƙanƙantar albashi na naira 70,000 a watan Yuli na wannan shekara, amma kafin shekarar ta ƙare buhun shinkafa guda ya fi wannan albashi tsada. Gaskiya ne hatsi ya ɗan sauko a 2025, ba mu ɓoye ba, sai dai wanda ya riga ya cinye jarinsa, ya sayar da gadon matarsa, ya rasa ɗakin haya, saukin mudu bai mayar masa da ko ɗaya ba. Da talakawa suka fito a watan Agusta 2024 suna kukan yunwa, amsar da aka ba su ita ce kamu. Duniya ta gani ranar 1 ga Nuwamba 2024 aka kai yara ƙanana babbar kotun tarayya a Abuja, da yawansu daga nan Kano, bayan wata uku a tsare, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. Sai da aka yi ta Allah wadai kana aka sake su.

Haka kuma ba mu manta da Oktoba 2020 ba, lokacin da jama'a suka fasa sito-sito a Legas da Jos da Kaduna da wasu garuruwa, suka tarar da kayan abincin tallafin korona jibge har rufi, alhali mutane sun sha dokar kulle da ciki wofi watanni kafin nan. A cikin wannan shekara ne aka riƙa loda almajirai a motoci ana kai su daga jiha zuwa jiha kamar kaya. Dabarar masu mulki game da mai kwana a waje ba ta wuce kora. A watan Fabrairu 2020 aka yi shelar hana bara a titunan Kano, a watan Oktoba 2024 Ministan Abuja ya ce a kwashe mabarata daga birnin. An bar jaki ana dukan taiki. In ka kori mutum daga gindin gada ba ka ba shi ɗaki ba, ka matsa da shi ne zuwa wata gadar inda motarka ba ta bi.

To, 'yan'uwa, yanzu sai mu juyo cikin gida, domin akwai magana biyu da suke yawo a tsakaninmu, dukansu kuwa ba mu yarda da su ba.

Ta fari, wasu sun ce tun da yawancin masu wannan aiki 'yan jam'iyyarmu ne, me zai hana a buga alamar jam'iyya a jikin leda, ko a sa hoton ɗan takara a kwando? Muna roƙonku da girman Allah kada ku yi. Shekara nawa muka yi muna zagin siyasar taliya da sabulu, muna cewa ana kwashe dukiyar talaka shekara huɗu sa'an nan a jefa masa ƙulli ɗaya ranar zaɓe? In muka buga tambari a kan shinkafa da wake, da wane baki za mu sake faɗin haka a dandali? Bambancinmu da su sai ya zama na girman ƙulli kurum, nasu kuwa ya fi namu girma, domin baitulmali a hannunsu yake. Ban da haka, mai yunwa ba ya iya ƙin abin da aka miƙa masa, saboda haka duk sharaɗin da aka ɗaura wa abincinsa tilas ne aka yi masa, mu kuwa da tilas muke faɗa. Jam'iyyar NEPU da aka kafa a nan Kano ranar 8 ga Agusta 1950 ba ta da buhu ko ɗaya na rabo, amma talakawa suka bi Malam Aminu Kano har gidan yari, mata irin su Hajiya Gambo Sawaba suka sha ɗauri ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ba don tuwo suka bi ba. A miƙa wa ɗan jam'iyyar gwamnati kamar yadda za a miƙa wa namu, a miƙa wa Kirista da Musulmi, da Bahaushe da Bayarabe da mutumin Nijar, kada a tambayi kowa katinsa. Haka nan maganar hoto. Duk yaron da ya zo da waya yana so ya ɗauki tsoho yana karɓar ƙunshi don ya watsa a Facebook, a ce masa ya mai da ita aljihu ko ya koma gida. Wannan tsoho yana da 'ya'ya mata a gidan miji.

Ta biyu ta fi ta fari haɗari, domin masu faɗinta suna ganin su ne 'yan gwagwarmaya na ainihi. Cewa suke yi ciyar da mutane rufa wa gwamnati asiri ne, a bari yunwa ta ci jama'a sosai, ita za ta koya musu hankali ranar zaɓe. Mun lura masu wannan magana duk sun karya kumallo kafin su faɗe ta. Yunwa ba ta taɓa koya wa kowa siyasa ba. Abin da take koyarwa shi ne sai da ƙuri'a da araha, da shiga bangar duk wanda ya ba da na shayi, da bin mai makami cikin daji. Wanda ya kwana biyu bai ci ba ba ya zuwa lacca, kuma in ya zo ba ya ji. Haraji da jangali da aka soke a Kano a 1979 zamanin gwamna Abubakar Rimi, ba yunwa ce ta soke su ba, shekara talatin aka yi ana haɗa kan talakawa reshe-reshe, ƙauye-ƙauye, mutane suna sanin juna suna rufa wa juna asiri. Za mu ci gaba da tambayar gwamnati ina kuɗin tallafin da aka cire suka shiga, ina gidajen masu ƙaramin ƙarfi, ina tsaron da zai mai da manomi gonarsa. Amma kafin ta amsa, mutumin da ke barandar shagonka zai kwana yau, ko da ci ko babu.

Ku 'yan kasuwa, mun san kukanku, kuma kuka ne na gaskiya. Kuna tsoron sata, kuna tsoron wuta, musamman da hunturu in masu kwana suka hura itace don jin ɗumi. Wanda ya ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris 2016 ba za a ce masa ya daina tsoron wuta ba. Amma ku duba, wa ya fi zama haɗari ga rumfarka, baƙon da ba ka san sunansa ba, ka kore shi da safe ya dawo da dare yana jin haushinka, ko kuwa wanda ka san sunansa da garinsu, yana cin abinci daga hannun 'ya'yanka? Na biyun maigadi ne wanda ba ka biya ba. In ka ba shi tsohon bargo ba zai hura wuta ba. Kuma kowane ɗan kasuwa ya san tsakanin mai rumfa da mai kwana a rumfa gobara ɗaya ce, ko ambaliya ɗaya. Mutanen Maiduguri sun kwanta da gidajensu da shagunansu, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ranar 10 ga Satumba 2024, gari ya waye attajiri da ɗan dako suna fake a makaranta guda suna jiran a miƙo musu abinci.

Ga reshen da ke son farawa, ba a bukatar kwamiti mai shugaba da mataimaki da ma'aji uku. In kuna da mutum 30, kowa ya kawo gwangwani ɗaya na wake ko shinkafa a mako, an sami gwangwani 30, sai a nemi gida mai babbar tukunya. A fara aika samari biyu da dattijo ɗaya su zaga da dare su ƙidaya masu kwana a waje a unguwar, su san su, don kada a dafa a makance. A riƙa yin abin da ba ya saurin lalacewa da zafi, kamar shinkafa da wake, ko dambu, ko ɗanwake, ko gurasa da ƙuli. Abu mai miya yakan yi tsami a leda kafin la'asar, a je neman lada a jawo wa mutum amai da gudawa. A wanke hannu da sabulu kafin a zuba, a bar abinci ya sha iska kafin a ƙulle, a kai shi a ranar da aka dafa. Wurin mata 'yan gudun hijira kuwa mata ne za su je, kada a tura samari. Kuma kada a yi alkawarin kullum in ba za a iya ba. Gara a ce ranar Juma'a kaɗai a cika, da a ce kowace rana a yi mako biyu a watse, a bar mutum yana duban hanya.

Abu ɗaya muke nema daga sakatarorin rassa. Duk inda aka zaga aka ƙidaya, a rubuto mana yawan mutanen da aka samu, maza nawa, mata nawa, yara nawa, daga waɗanne garuruwa suka fito, da abin da ya raba su da gida. Kada a rubuto sunan kowa. Za mu riƙa bugawa unguwa-unguwa a wannan shafi, sa'an nan mu aika wa kowane kansila da ɗan majalisa da nasa lissafin, tun da yake har yau babu ɗayansu da ya taka ya zo ya ƙirga da kansa.